Yadda Ake Tseren Jirgin Ruwa a Intanet: Karatun Iska da Zaɓen Hanya

Wata asuba a watan Nuwamba, hunturu ya fara shigowa, hazo ya lulluɓe unguwa, na idar da salla na jawo waya don in ga inda jirgina ya kwana. Yana yamma da tsibiran Kanari, iskar arewa maso gabas tana kora shi kudu da ƙarfinta. A lokacin ne abin ya faɗo mini a rai: iskar da ke tsattsaga mini leɓe a tsakar gida da wadda ke tura jirgin nan 'yan ɗaki ɗaya ne, duk daga arewa maso gabas suke gangarowa zuwa ikweta. Tun daga ranar na daina ɗaukar wasan nan a matsayin abin kashe lokaci, na koma ɗaukarsa a matsayin makaranta.

Wasan da nake nufi shi ne tseren jiragen ruwa masu filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska ke bugawa jirgi ya tafi ba tare da inji ba. Manhajar da ta fi shahara ita ce Virtual Regatta, ta wani kamfanin Faransa, akwai kuma Sailonline. Ba wasan saurin yatsa ba ne. Jirginka yana tafiya dare da rana ko kana barci, kuma iskar da ke kaɗa shi hasashen yanayi ne na gaskiya na wurin da yake a teku. In tseren gaske zai ɗauki wata biyu, kai ma wata biyu za ka yi. Babbar gasar ita ce Vendée Globe, zagayen duniya da mutum ɗaya ke yi shi kaɗai, ba tsayawa ba agaji, daga garin Les Sables-d'Olonne na Faransa a dawo can, an fara ta a 1989, tun daga 1992 kuma duk bayan shekara huɗu ake yin ta. A gasar 2020 mutum sama da miliyan ɗaya ne suka shiga ta intanet. A ta 2024 jiragen gaske 40 suka tashi ran 10 ga Nuwamba, Charlie Dalin ya dawo cikin kwana 64 da awa 19. Da wannan hanya zan yi misali, amma abin da zan faɗa yana aiki a kowane tsere.

Mataki na farko: zaɓi tseren da ya dace da kai

Kada ka fara da zagayen duniya. Nemi gajeren tsere na kwana biyu zuwa biyar, irin na Sidni zuwa Hobart a Ostareliya mai mil 628 na teku, wanda ake tashi ran 26 ga Disamba. Daga nan ka gwada tsallake Atlantika, kamar Route du Rhum daga Saint-Malo na Faransa zuwa tsibirin Gwadaluf na yankin Karibiyan. Shiga kyauta ne. Akwai kayan ƙari da ake saye, kamar ƙarin filafilai, da fukafukan ƙarƙashin jirgi masu ɗaga shi sama da ruwa, da goge cikin jirgi don ya ƙara santsi. Suna ƙara gudu, babu musu, amma shawarata kada ka kashe ko kwabo a tseren farko. Wanda bai iya karanta iska ba, kayan ƙari sai dai su kai shi wurin da bai dace ba da sauri.

Mataki na biyu: san lambobi huɗu

Gudu a teku da not ake auna shi. Not ɗaya mil ɗaya ne na teku a awa, mil na teku kuwa mita 1,852 ne. Jirgi mai gudun not 20 yana cin kusan kilomita 37 a awa.

A fuskar wasan za ka ga alƙiblar jirgi da digiri: 0 arewa, 90 gabas, 180 kudu, 270 yamma. Za ka ga TWS, ƙarfin iska ke nan. Za ka ga TWA, wato kusurwar da ke tsakanin goshin jirginka da inda iska ke fitowa. In ta nuna 0, iska na dukan goshi. In 90, tana dukan haƙarƙari. In 180, tana bin ƙeya. A riƙe wannan: ana kiran iska da sunan inda ta fito. Iskar arewa kudu take tafiya. Sababbi da yawa suna juya wannan, su kwana suna mamakin dalilin da jirginsu ke rarrafe.

Lamba ta huɗu ita ce VMG, kuma ita ce uwar wasan. Tana gaya maka yawan ci gaban da kake yi zuwa cikin iska ko bin bayanta, ba tsabar gudun jirgin ba.

Mataki na uku: fahimci abin da ya sa miƙaƙƙiyar hanya ke cin amana

Jirgi mai filafilai ba ya iya tunkarar iska kai tsaye. In ka sa goshinsa ƙasa da digiri 35 ko 40 daga inda take fitowa, filafilan su yi ta kaɗawa a banza, jirgi ya tsaya. Don haka in inda za ka yana cikin iska, dole ka tafi a karkace, ka yi dama ka yi hagu, kamar mai hawan dutse da kaya a ka. A kusurwar digiri 45 da gudun not 10, ci gabanka na gaskiya not 7 ne.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ko iska na bin ƙeya, miƙewa sak ba shi ne sauri ba. Jiragen tsere irin na IMOCA, masu tsawon mita 18.28, sun fi gudu in iska ta zo musu daga gefe zuwa baya-baya. Ga misali na lissafi: a ce a kusurwar 180 jirginka yana yin not 12, a kusurwar 140 kuma yana yin not 20. Ka kauce daga hanya da digiri 40, amma ci gabanka ya haura not 15. Wanda ya karkace ya tsere wa wanda ya miƙe da mil 3 a kowace awa, sama da mil 70 a yini guda.

Kowane jirgi yana da jadawalin gudunsa da ake kira fola, zane ne mai kama da fuffuken malam-buɗe-littafi, yana nuna gudun da jirgin zai yi a kowace kusurwa da kowane ƙarfin iska, da filafilin da ya dace. Ka zauna da shi minti goma kafin a tashi. Nemi abu biyu: kusurwa mafi kyau ta shiga iska, da kusurwa mafi kyau ta bin bayanta. Dukkansu suna sauyawa da ƙarfin iska, don haka ka duba su a not 8, da 15, da 25, ka rubuta a takarda. Ni a bayan kalanda nake rubuta nawa.

Batun filafilai ba shi da wuya. Akwai na shiga iska, akwai babban mai tumbi na bin bayanta, akwai na iskar gefe, kowanne kuma da na iska mai rauni da na mai ƙarfi. Wasan yana nuna maka in ka ɗaura wanda bai dace ba. Sai dai kowane sauyi yana da tara: jirgi ya rage gudu na ɗan lokaci, matuƙinka kuma ya gaji, gajiyar ta sa tara ta gaba ta fi tsawo. Haka ma juya jirgi daga gefe zuwa gefe. Kada ka sauya filafili don ribar da ba ta kai ta biya tarar ba.

Mataki na huɗu: karanta taswirar yanayi

Nan ne ake cin tsere ko a faɗi, don haka zan ɗan zauna.

A taswirar yanayi za ka ga harafin H da harafin L. Ni ina kiransu tudu da kwari. Tudu wuri ne da iska ta taru ta yi nauyi, kwari kuma inda ta yi sauƙi. Iska tana son gangarawa daga tudu zuwa kwari kamar ruwan sama, amma juyawar duniya tana karkatar da ita, sai ta koma kewaya su. A arewacin ikweta tana kewaya tudu yadda hannun agogo ke tafiya, kwari kuma akasin haka. Da ka tsallaka kudancin ikweta komai ya juye. Layukan da ke kewaye da su kuwa, in sun matsu da juna iska mai ƙarfi ce, in sun yi tazara babu komai a wurin. Tsakiyar tudu ita ce makabartar 'yan tsere: ruwa lumui, iska not 2, kana kallo waɗanda ka bari a baya su kewaye ka su wuce.

Wasan yana ɗauko iskarsa daga hasashen GFS na hukumar NOAA ta Amurka. Sau huɗu ake sabunta shi a yini: ƙarfe 0, 6, 12 da 18 agogon GMT, amma sai bayan kamar awa huɗu ko biyar sabon ke isowa. Ga mai zama a Nijeriya ko Nijar, da ke gaban GMT da awa ɗaya, abin ya zo daidai da tsarin yininmu: ɗaya wajen asuba, ɗaya da hantsi kafin azahar, ɗaya gab da magariba, na ƙarshe wajen sha ɗaya zuwa sha biyun dare. Ba ka bukatar ka manne da waya. Dubawa huɗun nan, ko da minti biyar-biyar ne, sun fi zaman awa uku a lokacin da babu sabon labari.

Ka buɗe shafin Windy don ganin hoton gaba ɗaya, amma ka tabbata ka zaɓi GFS a ciki, don da hasashen Turai yake buɗewa, kuma ba shi wasan ke bi ba. Ka tura lokaci gaba, ka kalli yadda tudu da kwari ke tafiya. Hasashen yana kai wa kwana 16, amma kwana uku na farko ne abin dogaro, zuwa biyar da taka-tsantsan, abin da ya wuce nan kuwa jita-jita ce. Tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ba ina iska take yanzu ba ce. Ina za ta kasance jibi, kuma ina ya kamata in kasance don ta same ni?

Mataki na biyar: yi amfani da na'urar zana hanya, amma da idonka a buɗe

Akwai shafuka da manhajoji da ke haɗa folar jirginka da hasashen iska su zana maka hanya mafi sauri, irin su Zezo da qtVlm. Ba zamba ba ce, kusan duk na gaba-gaba suna amfani da su, matuƙan gaske ma haka suke yi a cikin jiragensu. Ka sa inda kake, ka sa inda za ka, ta fito maka da layi.

Matsalarta ɗaya: ta yarda da hasashen ɗari bisa ɗari. Za ta iya tura ka cikin wani siririn lungu tsakanin tudu biyu don ribar awa ɗaya, alhali in lungun ya rufe asarar kwana biyu ce. Abin da nake yi shi ne in zana hanya a kowane sabuntawa, in kwatanta. In sau uku a jere ta nuna gefe ɗaya, na yarda. In yau ta ce gabas gobe ta ce yamma, sai in nemi hanyar tsakiya da za ta bar mini ƙofa biyu a buɗe har abin ya bayyana. Kuma in hanya biyu sun zo kusan daidai, ina ɗaukar wadda ba ta da yawan juyi, saboda wadda ke bukatar in farka ƙarfe uku na dare sau huɗu a mako, na san ba zan cika ta ba.

Mataki na shida: shirya jirgi kafin ka kwanta

Hanya biyu ake tuƙi. Ko ka kulle alƙibla, jirgi ya miƙe ko iska ta juya, ko ka kulle TWA, jirgi ya riƙa bin juyin iska yana riƙe da kusurwarsa. In kana shiga iska ko bin bayanta, kulle TWA. In kana kusa da gaɓa ko tsibiri, kulle alƙibla ko ka dasa alamomin hanya da jirgi zai bi ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma damar ba da umarni na gaba: ƙarfe kaza ka juya zuwa kaza.

Na koyi wannan da tsada. Wani dare ina gangarawa ta kusa da tsibiran Kef Bad da ke yamma da Senegal, na kulle TWA, wuta ta ɗauke, cajin waya ya ƙare, na ce ai babu komai zuwa safe. Cikin dare iska ta ɗan juya gabas, jirgi ya bi ta a hankali har ya kifa goshi a gaɓar tsibiri. Da na samu caji da hantsi, na tarar da shi a tsaye cik, gudu sifili, awa bakwai ke nan, dubban jirage sun wuce. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar. Yanzu kafin in kwanta ina jan layin hasashen tafiyar jirgin har awa goma gaba, in faɗaɗa taswira sosai, in tabbatar babu ko ɗan dutse a hanya. Ga mu da wuta da sabis ba su da tabbas, umarnin gaba shi ne abin da ya fi cancanta a kashe masa ladan da wasan ke bayarwa, wato makin da ake sayen kayan ƙari da shi.

Dabarar juyi kuwa gajeriya ce. In ka kulle TWA, ka ga layin jirginka yana lanƙwasa yana nisantar inda za ka, lokacin juyawa ya yi, don a ɗaya gefen lanƙwasar za ta zama riba.

Mataki na bakwai: san hanyar kanta

Daga Faransa za ka fara da mashigin Biskay, inda kwarurruka ke zuwa daga yamma a watan Nuwamba. Gaban kwarin iskar kudu maso yamma ce, bayansa ta arewa maso yamma. Sau da yawa sai ka nufi yamma ka tari sauyin, sannan ka juya kudu da iska a gefe. Ka wuce tsinin Finistere na Sifaniya, ka gangara gefen Fotugal, ka ratsa gefen tudun iska na wajen tsibiran Azores ba tare da ka shiga cibiyarsa ba, har ka kama iskar arewa maso gabas. Ka nisanci bayan tsibirai masu dogayen duwatsu kamar Madera da Kanari, suna tare iska su bar inuwa mai tsawo a kudancinsu.

Sai kuma wurin da kowa ke tsoro, ɗamarar da iskar arewa da ta kudu ke karo kusa da ikweta. Bahaushe ya san wannan ɗamara ko bai taɓa ganin teku ba, don ita ce ke hawowa arewa ta kawo mana damina, ta koma kudu ta bar mu da hunturu. A teku wuri ne na hadari da tsawa da iska mai mutuwa. Ta fi faɗi kusa da Afirka, ta fi siranta can yamma, shi ya sa aka saba tsallake ta tsakanin layukan taswira na digiri 27 da 30 na yamma. Wanda ya bi gaɓar Senegal da Gini don taƙaita hanya zai ga kansa a sahun gaba na kwana biyu, daga nan ya yi sati yana kallon ruwa.

Wannan ya kawo ni ga jerin matsayi. Wasan yana jera 'yan tsere ne bisa nisan da ya rage musu, bai san wanda zai samu iska gobe ba. A kudancin Atlantika za ka gane haka da kyau. Tudun iska na wajen tsibirin Sent Helena yana zaune a tsakiyar hanya zuwa Afirka ta Kudu, don haka masu hankali suna bin gefen Birazil, su yi kudu sosai, su kewaye shi. A kwanakin nan matsayinka zai yi ta zamewa, daga dubu goma zuwa dubu tamanin, zuciya ta yi ta raya maka ka karya hagu. Daure. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Da ka isa wajen digiri 35 zuwa 40 na kudu ka hau kwarin farko, cikin kwana biyu za ka haɗiye duk waɗanda suka yanke.

Tekun kudu wata duniya ce. Kwarurruka suna bin juna daga yamma zuwa gabas, babu ƙasar da ke tare su. Gaban kowanne iskar arewa maso yamma ce mai daɗin tafiya, bayansa ta kudu maso yamma. Aikinka ka zauna a gaban kwari iya tsawon lokacin da za ka iya, kamar wanda ya samu babbar mota mai zuwa garinsu. In ya wuce ka, tudu na biye da shi, sai jiran na gaba. Kuma da yake duniya dunƙulalliya ce, duk yadda ka ƙara kudu hanya na ƙara gajarta, shi ya sa kowa ke manne wa iyakar ƙanƙara da masu gasa suka shata kewaye da Antatika. Kada ka tsallaka ta, wasan yana hukunta wanda ya shiga. Ka dasa alamominka 'yan mil kaɗan a arewacinta. Haka za ka wuce tsinin Good Hope a Afirka ta Kudu, ka wuce tsinin Leeuwin a Ostareliya, ka ratsa Pasifik har tsinin Horn na ƙarshen Kudancin Amurka, a wajen digiri 56 na kudu, duk ukun kana barin su a hagunka. Ka duba ƙofofin da wasan ya sa a hanya, wanda ya tsallake ɗaya sai ya dawo ya bi ta.

Hawan Atlantika a dawowa ya fi kowane sashe rikitarwa, musamman gefen Ajantina da Birazil, inda iska ba ta da tsayayyen hali kuma gajiyar wata biyu ta taru maka. Nan ne tazarar mil 500 ke narkewa. Ka koma duba sabuntawa huɗun nan ba fashi. Bayan ka sake tsallake ikweta, tudun Azores zai tare maka hanyar Faransa. Kada ka nufe ta kai tsaye, ka bi yammacinsa ka hau arewa har ka tari kwarin da zai ɗauke ka zuwa Biskay.

A awannin ƙarshe ka saki TWA, ka faɗaɗa taswira iyakar faɗaɗawa, ka dasa alamar ƙarshe a bayan layin gamawa, ba a kansa ba, kuma tsakanin alamomin layin biyu, nesa kaɗan da gaɓa. Ka lissafa lokacin isowa, ka sa ƙararrawa rabin awa kafin nan, wayarka da cikakken caji.